Birkin da Ba Zai Ƙara Kamawa Ba

Duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da Bartholomew a coci, ko tsautsayi ya haɗa su Keke Napep ɗaya daga kasuwar Kafanchan, ya san cewa shi ne mutumin da ya tsayar da jirgin ƙasan Fatakwal da hannu ɗaya. Labarin yakan kumbura gwargwadon yawan masu saurare. Ranar da ya ci tuwo ya ƙoshi, har baƙi daga ƙasar waje akan samu a cikin jirgin suna kuka suna yi masa godiya. Matarsa Malama Hellen, shugabar wata makarantar firamare ta mishan da ke gefen gari, ta ji labarin nan har ya fita mata ta hanci, kuma ta san abin da ke ƙarƙashinsa. Aikin da mijinta ya yi a reluwe, tun daga ranar da aka ɗauke shi har ranar da aka sallame shi, auna buhunan citta ne a kan sikeli a ma'ajiyar kaya. Abin da ya haɗa shi da birkin jirgi bai wuce jin ƙararsa ta taga ba.

Da ritayar Hellen ta gabato, malamai da iyayen yara suka ce sai an yi mata pul-awut, wato bikin nan da ake zaunar da mai barin aiki a cikin mota, a ɗaura igiyoyi a gaba, abokan aiki su ja shi da hannu har bakin ƙofa ana waƙa. Wani ɗan kasuwa ya yi tayin jif ɗinsa mai sheƙi. Hellen ta ce a gode masa. Motar da za ta fita da ita tana nan a rumfar bayan gidanta na cikin makaranta, ƙura ta lulluɓe ta, kaji sun mayar da ƙarƙashinta ɗakin haihuwa. Fijo 404 ce fara, ta mahaifinta marigayi Rabaran Eli. A cikinta ya koya mata tuƙi a hanyar Godogodo, a cikinta kuma ya kawo ta ƙofar makarantar nan ranar da ta fara koyarwa, ya ce mata ta shiga da mutuncinta, ta fita da mutuncinta. Ba ta damu da jawabai ba, ba ta damu da kyaututtuka ba. Abu ɗaya take so a duniya, ta fita ƙofar nan a cikin motar da ta kawo ta, kanta a sama.

Injin ya mutu tuntuni, amma ba ruwan igiya da inji, taya kawai ake so ta juya. Sai dai ranar da malamai maza suka zo gwada turawa, motar ta tsaya cik kamar an dasa ta. Birki ya kama, ya ƙi saki.

Hellen ta aika a kira mata Abubakar Siddiƙ, bakaniken da ke bakin tasha. Ta jira har rana ta yi tsaka bai iso ba, sai ga Bartholomew ya shigo yana karkaɗe hannu.

"Baban Jacinta, ba ka ga makaniki a hanya ba?"

"Na gan shi. Na sallame shi."

"Ka sallame shi? Da izinin wa?"

"Maman Jacinta, ki ji tsoron Allah. Ina cikin gidan nan da raina da lafiyana, a ɗauko wani daga waje ya taɓa birki? Me gari zai ce? Ni da na tsayar da jirgi mai tarago talatin..."

"Jiya ashirin ka ce."

"An ƙara wasu a Lafiya."

Ta yi niyyar sake aikawa ranar Litinin ba tare da ya sani ba, amma ya riga ta. Ranar Lahadi, ana cikin sanarwa, sakataren coci ya ambaci bikin, sai kawai ta ga mijinta ya miƙe ba wanda ya kira shi. Ya gyara wuyan riga, ya ɗaga yatsa sama.

"Ni Bartholomew, ɗan reluwe, na yi alkawari a gaban Ubangiji da gaban ikilisiya. Birkin motan Baba Rabaran, daga wannan sati, ba zai ƙara kamawa ba har abada!"

Ikilisiya ta ce amin, don mutanenmu duk abin da aka faɗa da ƙarfi a coci amin suke ce masa. Hellen ta sunkuyar da kai cikin littafin waƙoƙi, takaici ya cika ta. Yanzu in ta kira bakanike ta tsinka mijinta a gaban gari, kuma duk da halinsa ba ta son haka. Ta haɗiye maganar, abin da daga baya ta yi da-na-sanin haɗiyewa.

Washegari ya fito cikin tsohon kakinsa na reluwe, wanda maɓallan ciki suka daɗe da daina gaisawa da ramukansu. A kafaɗarsa ga wata guduma mai dogon ƙota, irin wadda masu duba ƙafafun jirgi suke ƙwanƙwasa ƙarfe da ita su saurara. Ba tasa ba ce, ba a kuma taɓa ba shi ita ba, ta dai biyo shi gida ranar sallama. Kafin ya isa rumfa, Ifediora ya riga ya kafa kujerarsa a inuwar mangwaro da ƙullin gyaɗa a cinya. Shi Ifediora mai kantin magani ne, an haife shi a kwatas ɗin reluwe, ubansa direban jirgi ne na gaske, kuma ya san Bartholomew tun suna yawo ba wando. Ya ce ya bar wa matarsa kanti, don irin wannan kallo ba kullum ake samu ba.

Bartholomew ya zagaya motar yana gyaɗa kai.

"Mu a reluwe ba ma tambaya. Kunne muke sawa. Ƙafan da ke da lafiya zai ce tin, mai ciwo zai ce tum."

Ya buga tayar gaba, ta ce tum. Ya buga ɗayar, ta ce tum. Ya koma baya, tum, tum. Ya miƙe fuskarsa a murtuke kamar likitan da zai ba da mummunan labari.

"Duka huɗu sun kamu."

"Bartho, roba ne fa," in ji Ifediora. "Ko tumbinka na buga, tum zai ce."

"Kai sayar da fanadol ka sani. Saurara da kyau."

Ya ja baya, ya ɗaga gudumar da hannu biyu, ya zabga wa tayar da dukan ƙarfinsa. Roba ta mayar masa da saƙonsa a ƙwauri. Ya saki gudumar, ya yi ta tsalle da ƙafa ɗaya yana zagaya mangwaro, hawaye na zuba, yana cewa daman haka ake yi, sai an ji amsar a jiki.

Da ƙwaurin ya lafa, sai ilimi ya sauko masa. Ya ce a jirgi idan birki ya maƙale, iska ake saki. Ya samo tsinke, ya bi tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya yana danna bawul, suna huci har suka kwanta. Hellen ta fito daga aji ta tarar da motar mahaifinta ta durƙusa a ƙasa, wata kaza kuma tana ihu tana zagaye ta. Kazar Serah ce, shugabar Zumuntar Mata, wadda gidanta ke jikin katangar makaranta, kuma kwandon da kazar ke kwanci a ciki yana daidai ƙarƙashin motar. Serah ta iso da zani a hannu, ta leƙa, ta ga ƙwai ya zama miya.

"Baban Jacinta, me kazana ya yi maka?"

"Maman Zumunta, aikin injiniya ne. Dole a samu ɗan asara."

"Injiniya? Kai da ko birkin bakinka ba ka iya takawa ba?"

Ifediora ya ƙware da gyaɗa. Aka tura motar, ko gezau. Sauran yinin nan Bartholomew ya ƙare shi yana mayar da iskar da ya saki, da famfon keke, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana bayyana wa duk mai wucewa cewa sabuwar iska ta fi tsohuwa.

Kashegari ya tashi da sabuwar fahimta. Ya ce kuskuren ba nasa ba ne, na Faransawa ne, don su a wurin iska mai suka sa, saboda haka man ne ya kamata a saki. Ya kwanta ƙarƙashin motar da sifana, ya kwance ƙananan notocin da ke bayan kowace taya, ya fito ya yi ta taka birki har man ya tsiyaye tas a cikin gwangwanin madara. Man ya yi baƙi ƙirin saboda tsufa. Ya ɗauki gwangwanin ya bi ofishin malamai da shi, ya kai wa masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa, har ajin da Hellen ke koyarwa ya leƙa ya ɗaga mata.

"Ga ciwon! Na ciro shi!"

Ya tuttular a kwata. Aka tara malamai aka tura. Motar ta ce ba ta san zancen ba.

Ifediora ya taso yana miƙa, ya leƙa ta taga don ya ga ko kujerun suna nan yadda ya san su, sai ya fashe da dariya.

"Bartho, birkin hannu fa a jawo yake. Ina jin tun ranan da Baba Rabaran ya faka shi."

Bartholomew ya leƙa ta tagar shi ma.

"Na gani tun farko. Ina jira ne in ga ko akwai mai ido a cikinku."

Ya shiga ya murɗa hannun birkin, ya tura, ya ja, ya zage shi da yarensu, hannun ya ƙi komawa. Sai ya aro zarto wajen kafinta, ya koma ƙarƙashin motar, ya datse wayar gida biyu. Ya fito da guntun a hannu yana murmushin nasara. Aka tura. Motar tana nan inda Rabaran ya bar ta, don shekarun da ta yi a tsaye sun sa tsatsa ta manne takalman birkin baya da kwanon ƙarfen da suke ciki, wanda makanikai ke ce wa duram. Ko ka yanke wayoyin duniya ba za su rabu ba.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu biki, haƙurin Hellen ya kusa ƙarewa. Ta dawo daga wajen tela ta ji makaranta ta gauraye da ƙamshin suya. Malamai suna ta leƙe ta taga suna tambaya ko an fara girkin biki ne. Ta zagaya bayan gida ta tarar an ɗaga motar a kan jak da duwatsu, an cire tayoyin baya, jarkar manjan da ta tanada don abincin baƙi tana kwance ba komai a ciki. Mijinta ya ɗura manjan ta kowace kafa da ya gani a jikin duram, sannan ya hura wuta da totuwar masara a ƙarƙashi, wai don man ya narke ya shiga da kyau. Wutar ta riga ta lashi gefen hularsa da girarsa ta hagu, tana neman tsallakawa jikin motar.

Hellen ta yi wuf ta juya. Ta ɗauki bahon ruwan wanke-wanke ta sheƙa, rabi a wutar, rabi a injiniyan.

"Maman Jacinta! Kin ɓata aiki ana dab da gamawa!"

"Motan babana za ka soya? Ka ga ya yi maka kama da doya?"

Daidai lokacin matan Zumunta suna gwajin waƙa a ƙarƙashin bishiya da tulunansu na kiɗa. Serah ta hango shi tsaye, ruwan kwanuka na ɗiga daga kaki, ɓawon albasa a kafaɗa, sai ta juya waƙar nan take ta sa sunansa a ciki, mata suka amsa da murya ɗaya. Abin ya kai Bartholomew bango. Ya rarumi gudumar, ba don gyara ba, don huce haushi, ya maka wa duram ɗin dama. Wani abu ya ce ƙwas a ciki. Ya zagaya ya maka wa na hagu, shi ma ya ce ƙwas. Tsatsa ta zubo ja. Ya sa ƙafa ya shuri duram ɗin cikin fushi, sai duram ya juya, ya yi ta juyawa sumul cikin manja.

Duk wurin ba wanda ya kai shi mamaki. Ya tsaya baki buɗe. Amma kafin a ƙifta ido ya rufe bakin, ya gyara ƙonanniyar hularsa, ya dubi mata.

"Kun gani? Mataki-mataki ake bi. Iska, mai, waya, wuta, sannan guduma. In ka tsallake ɗaya ba zai yi ba."

Hellen ta ji sanyi a ranta, gaskiya, har ta kusa yafe manjan. Amma ta ce sai ta gwada da ƙafarta. Aka mayar da tayoyi, aka sauke motar a filin yashi na bayan gida, wanda yake shimfiɗe ba tudu ba gangare. Ta shiga, malamai suka tura a hankali. Ta ce, "Zan taka," ta taka. Abin takawar ya tafi har ƙasa ba tare da ya yi mata gardama ba, motar kuwa ta tsaya, don masu turawa da suka ji ta ce za ta taka sun cire hannuwansu.

"Baban Jacinta, ya yi laushi da yawa. Ka sa sabon mai kuwa?"

"Duk abin da ya kamata a yi wa motan nan an yi masa. Birkin zamani haka yake, kaman audiga. Ya tsaya ko bai tsaya ba?"

"Ya tsaya."

"To me kuma?"

Wannan amsa ba ta kwanta mata ba. Macen da ta yi shekara da shekaru tana kama yara da ƙarya tun kafin su buɗe baki, ya kamata ta ji warin wannan. Amma ga masu rumfa suna jira, ga baƙi daga Samaru Kataf sun fara isowa, ga manja da za a sake nema. Ta bar maganar a nan.

Ranar Asabar makaranta ta cika maƙil. An kafa rumfuna a filin taro, wanda yake can saman harabar. Daga nan hanya take sauka zuwa ƙofa, gangare ne mai sauƙi, irin wanda mutum zai bi duk rayuwarsa bai lura da shi ba. A gefen ƙofar aka jera kyaututtuka don a kwashe bayan biki. Iyayen yara, da yake yawancinsu manoma ne, sun tara buhunan busasshiyar citta, malamai kuma sun sayo katifa ƙatuwa sun jingina ta a jikin buhunan, wai Madam ta huta.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai har rana ta fara cizo. Sannan aka turo Fijo, an wanke ta tana walƙiya, an ɗaura mata igiyoyi biyu a gaba. Malamai suka kama ɗaya, matan Zumunta cikin ankonsu suka kama ɗaya. An so a sa wani ya riƙe sitiyari, Hellen ta ce ita za ta tuƙa kayanta. Bartholomew kuwa ba wanda ya ba shi aiki, shi ya ba kansa. Ya tsaya a gaba cikin kaki, usur a wuya, koriyar tuta da ja a hammata, ya kuma karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa ya ce zai riƙa yi wa jama'a bayani.

Ya busa usur, ya kaɗa koriyar tuta. Tuluna suka ɗauka, waƙa ta tashi, igiyoyi suka miƙe, motar ta motsa. Hellen ta ji warin tsohuwar kujerar nan, irin warin da rigar mahaifinta take yi, ta ga tsofaffin ɗalibanta da furfura a kansu suna ɗaga mata hannu. Daɗi ya cika mata ciki har hawaye suka zubo, ba ta kuma share su ba. Abin da ta roƙa ke nan, kuma ga shi ta samu.

Sai hanya ta fara sauka. Igiyoyin suka yi sako-sako, suka taɓa ƙasa. Hancin motar ya matso kusa da dugadugan na baya. Hellen ta taka birki, ƙafarta ta tafi har ƙasa. Ta sake takawa, ta sake. Ta kai hannu ta fizgi birkin hannu, sai ga shi ya biyo ta gaba ɗaya har cinya, da jelar yankakkiyar waya. Ta nemi giya, giya ta yi gurnani ta ƙi shiga. Ta leƙo ta taga.

"Baban Jacinta! Birki ba ya kamawa!"

Fuskar Bartholomew ta washe. Ya juya wajen rumfuna, ya kai makirufo baki, lasifikoki suka ɗauka har kasuwa.

"Jama'an Allah, kun ji da kunnenku! Ba ni na faɗa ba, ita da kanta ta shaida! Ba ya kamawa! Ku tafa wa Ubangiji!"

Har wasu sun fara tafi, kafin bamban gaban motar ya taɓa bayan malamin lissafi ya yi wani ihun da ba ya cikin waƙa. Nan fa layi ya watse. Mata suka zubar da igiya, kowa ta kama gabanta, ɗankwali a nan, takalmi a can. Tulun Serah ya kuɓuce ya bi gangare yana gaba da kowa. Malamai biyu da suka naɗe igiya a hannu don nuna ƙwazo suka kasa kwancewa, waɗanda suka zo jan mota sai ga mota tana jansu.

Bartholomew ya waiga ya ga abin da ke tahowa. Maimakon ya kauce, sai ya dage a tsakiyar hanya, ya ware ƙafafu, ya ɗaga jar tuta, ya busa usur da dukan numfashinsa. Fijo ba ta taɓa aikin reluwe ba, ba ta san ma'anar jar tuta ba. Da ya ga hakan, ya zubar da tutocin ya ranta a na kare, kuma don tsabar wauta bai yi dama ko hagu ba, ya miƙe sak a gaban motar. Makirufo na hannunsa, gari duka na jin hakinsa.

"Yesu! Yesu! Maman Jacinta, ki tuna da yara! Wayyo ƙwaurina!"

"Fita daga layi, Bartho!" Ifediora yana ihu daga kan kujera. "Mota ne, ba jirgi ba! Yi gefe!"

Rabaran Eli bai yi asarar koyarwarsa a hanyar Godogodo ba. Hellen ta cije leɓe, ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta kauce wa wata tsohuwa, ta kauce wa teburin manyan baƙi da kyar, ta auna katifar nan da ke jingine a bakin ƙofa. Mijinta ma can ya nufa, ya yi tsalle ya faɗa bayanta don ya ɓuya. Motar ta iso ta ce buf. Katifa ta lotsa, buhuna suka fashe, citta ta yi sama ta zubo kamar ruwa.

Wuri ya yi tsit, in ban da atishawa nan da can. Hellen ta buɗe ƙofa ta fito, gwaggwaronta ya karkace. Ba bayan katifa ta fara dubawa ba, gaban motar ta je. Fitilar hagu ta fashe, fitilar da mahaifinta yake gogewa da hankicinsa kowace safiyar Lahadi. Ta tsaya tana kallon gilasan a ƙasa, zuciyarta ta yi zafi irin wanda ba ta taɓa ji ba a duk zaman aurenta. Ga baƙi, ga jami'an ilimi, ga ɗalibanta, kowa ya ga shugabar makaranta ta yi karo da katifa.

Katifar ta motsa. Bartholomew ya rarrafo ya fito, citta a hula, citta a aljihu, citta a cikin kunne, yana atishawa ba ƙaƙƙautawa. Ifediora ya iso ya dube shi sama da ƙasa.

"Sannu, Bartho. Ka koma tsohon ofis ke nan. Kilo nawa ka samu?"

Dariyar da aka danne ta ɓalle, har jami'an ilimi suna riƙe ciki. Faston coci ya matso ya tambayi Bartholomew a hankali ina man birkin yake.

"Fasto, man da ya kawo ciwon zan mayar? In likita ya cire maka ƙari, mayar maka yake yi? Kuma ku yi mini adalci. Me na yi alkawari a coci? Na ce ba zai ƙara kamawa ba. Ya kama? Duk kun ce amin!"

Ba wanda ya iya musa masa, abin da ya ƙara ba mutane haushi ke nan. Shugaban iyayen yara ya zo yana murza hannu, ya ce Madam ta yi haƙuri, a kawo jif ɗin nan a ƙarasa, ko kuma ta taka da ƙafa tunda ga ƙofar nan kusa.

"Babana bai kawo ni a jif ba," in ji Hellen. Ta gyara gwaggwaronta. "A mayar da motan sama. Daga farko za a fara."

Ba a yi wa muryar nan gardama, duk wanda ke wurin ya taɓa jin ta a aji ko a ofis. Aka tura motar har filin taro. Ta sa aka kwance igiya ɗaya daga gaba aka ɗaura a bamban baya, ta riƙo ɗaya bakin da hannunta, ta yafito mijinta.

"Zo nan, Baban Jacinta. Ɗaga hannu."

Ta zagaya igiyar a ƙugunsa, ta ƙulle tamau.

"Maman Jacinta, mene ne haka a gaban mutane?"

"Mota ba ya tafiya ba birki. Ka cire na Faransawa, sai ka tsaya a wurinsa. Kai da ka tsayar da jirgin Fatakwal da hannu ɗaya, Fijo guda zai gagare ka? Na ma yarda ka sa hannu biyu."

Ya dubi Fasto, Fasto ya duƙufa yana duba igiyar takalminsa. Ya dubi Ifediora, Ifediora ya ɗaga masa koriyar tutar da ya tsinta.

Tuluna suka sake ɗauka, waƙar ta fi ta farko ƙarfi. Motar ta gangaro a hankali, Hellen a sitiyari tana ɗaga wa jama'a hannu. Duk lokacin da ta ga igiyar gaba ta fara sako-sako, sai ta leƙo ta ce, "Birki!" ba tare da ta ɗaga murya ba, jama'a kuma su amsa gaba ɗaya, "Birki!" Sai Bartholomew ya kafe dugadugai, ya kwanta da baya, idanu waje, takalmansa suna yin kunya biyu a ƙasa kamar za a shuka gyaɗa. Serah da matanta sun dafa gefen motar suna rage mata gudu, ba don tausayinsa ba, don Madam, kuma sun tabbata sun bar masa rabonsa cif. Maɓallin kakinsa na ƙarshe ya yi tsalle a tsakiyar gangaren. Bai ba da labarin jirgi ko ɗaya ba, numfashin bai isa ba.

Haka Fijo ta ratsa ƙofar makaranta da fitila ɗaya, Malama Hellen a ciki, kanta a sama. Daidai wurin da mahaifinta ya sauke ta a ranar farko ta ce, "Birki," motar ta tsaya cak. Ta fito, aka yi guɗa, aka rungume ta. Ifediora ya kutso cikin mutane ya rusuna.

"Madam, barka da sauka. Yaya kika ji birkin?"

Hellen ta waiga bayan motar, inda mijinta yake kwance rigingine a ƙasa, igiya a ƙugu, yana haki yana warin citta.

"Tsoho ne, kuma ƙaransa ya yi yawa," in ji ta. "Amma yau dai ya kama."